Matar da Ba Ta Taɓa Kwana a Roscommon Ba

Attracta Frain ta haura shekara saba'in a gida ɗaya, a ƙauyenmu Drumkeela, kuma a tsawon wannan zama ba ta taɓa yarda cewa ta kwana a lardin Roscommon ba. Gwamnati ta ce ta kwana. Taswira ta ce ta kwana. Masu karɓar haraji ma haka suka ce, tana kuma biyansu, amma irin biyan da ake miƙa wa maroƙi ta saman katanga.

Tun ƙarshen ƙarni na sha tara, lokacin Ingila na riƙe da ƙasarmu, wani ma'aikaci a Dublin, babban birni, ya ja layi a takarda, ya ɓamɓare Drumkeela daga lardin Mayo ya liƙa ta a Roscommon. Bai tambayi mutanen ƙauye ba, su ma ba su tambaye shi ba, suka ci gaba da zamansu 'yan Mayo. Har yau samarinmu Mayo suke buga wa ƙwallo, tutar Mayo mai kore da ja ce a kowace taga. Ramukan hanya ne kawai muka bar wa Roscommon, don mu sami wanda za mu zaga. Yawancinmu abin raha muka ɗauke shi, a yi musu a mashaya a tashi. Attracta ce kaɗai ta ɗauke shi kamar addini.

Ita ce autar gidansu. 'Yan'uwanta maza duk suka bi jirgi zuwa Ingila aikin gini, gona ta faɗo a hannunta. An ce wani saurayi daga cikin Roscommon, mai fili mai kyau da shanu, ya neme ta, ta ƙi, ta auri Hubert Frain wanda ba abin da ya zo da shi sai keke da tari, don dai shi ɗan tsakiyar Mayo ne. Sun zauna lafiya har Allah ya yi masa cikawa. Wasiƙa kuwa, in an rubuta Roscommon a bayanta, sai ta mayar wa ɗan gidan waya ta ce ba a san mai wannan suna a nan ba. Duk wanda aka turo sabo a wannan aiki, abu na farko da yake koya shi ne ya soke kalmar da biro tun yana bakin ƙofar shinge. Ranar da ta faɗi ta karye a ƙugu, tana kwance cikin motar asibiti ta yi ta gardama da direba har sai da ya juya ya ɗauki doguwar hanya zuwa asibitin Mayo.

Sai kajinta. A wajenmu shanu na maza ne, kaji na mata, kuma Attracta ta gaji nata daga uwarta, jajaye masu faɗin ƙirji. Kowace shekara a watan Agusta ana bajekolin manoma a garin Ballinvara, wanda ba shi da nisa da mu amma yana cikin Roscommon tsundum. A nan ake ba da Kofin Fada, wanda wani Fada, limamin coci mai son ƙwai, ya bari tun zamanin kakanni, ga duk wanda ya kawo dozin ɗin ƙwai mafi kyau. Alƙalai kan duba girma da launin ɓawo, sannan su fasa ɗaya a faranti su ga ko gwaiduwa za ta tsaya ko za ta baje. Ta Attracta tsayawa take yi kamar an kafa ta. Ta ci kofin nan har mutane suka riƙa cewa a kan kantarta yake zaune, Ballinvara ziyarar yini ɗaya yake kai musu. In an tambaye ta yaya take shiga Roscommon ta ɗauko kofinsu, sai ta ce ai mutum kan je ƙasar waje ya ciwo abin kirki ya dawo gida.

Ni Ultan Gara, ɗan Bridie maƙwabciyarta, na dawo gida bayan dogon zaman karatu a Kanada. Ba'amurke ake ce mini a ƙauye, na gaji da gyarawa na bari. Wata jami'a ta ba ni aikin da nake yi daga ɗakin baƙin mahaifiyata: in daidaita tsofaffin alƙaluman noma da taswirar yau. A da, kowane watan Yuni 'yan sanda kan bi gona-gona suna ƙirga shanu da tumaki da aladu da kaji da faɗin gonar dankali, a tara a buga jimillar kowace gunduma. Wahalar aikin ita ce gunduma takan riƙe sunanta amma ta canza jiki. A yanke mata ƙauye a nan, a ƙara mata wani a can, sunan na nan yadda yake, kai kuma mai karatu kana ganin tumaki sun ninka cikin shekara ɗaya ka ɗauka albarka ce ta sauka. Mahaifiyata takan gaya wa ƙawayenta cewa ta tura ɗa Kanada, ya dawo yana ƙirga matattun kaji.

A wannan shekarar aka naɗa Malam Fintan Mulrennan sakataren kwamitin bajekoli. Tsohon shugaban makarantar firamare ne a Ballinvara, ya yi ritaya amma bai daina gyara wa mutane magana ba. Matarsa Philomena ita ce ta biyu a gasar ƙwai tun ina ƙarami. Malam ya yi abin da babu sakataren da ya taɓa yi, wato ya karanta dokokin gasar. Ya tarar Fada ya bar kofinsa ne ga mazauna gundumar Ballinvara kaɗai.

A kantin Drumkeela suka haɗu, ina tsaye a bayansu da burodi a hannu.

Malam ya ce, "Misis Frain, ina kwana. Tambaya ce ƙarama, don cika aiki kawai. Wane lardi gidanki yake?"

Ta ce, "Inda yake jiya, Malam. Ko ka ji an ɗauke shi da dare?"

"Mayo ke nan?"

"Ashe karatun bai tafi a banza ba."

Ya ce, "To madalla. Gundumar Ballinvara dai a Roscommon take, daga kanta har ƙafarta. In kina Mayo, ba kya cikinta. In ba kya cikinta, ban ga yadda kofin zai ci gaba da kwana a kantarki ba."

Ta dube shi daga hula har takalmi. Ta ce, "Fintan, na san ka tun kana yawo da majina. Gaya wa Philomena ta daina ba kajinta ragowar abincinka, shi ya sa gwaiduwar ke zawo."

Mai kanti ya sunkuya ƙarƙashin tebur kamar yana neman wani abu.

Da yamma sai ga ta a kicin ɗinmu da kwandon ƙwai. Ta ajiye shi a gabana, ba a gaban mahaifiyata ba.

Ta ce, "Kai Ba'amurke, an ce kana da takardun gwamnati na da."

Na ce, "Hotunansu dai, Misis Frain, a kwamfuta."

"Ko a tafin hannunka suke, ba ruwana. Kakata ta gaya mini tun kafin wannan maganar banza ta canza lardi, Drumkeela a gundumar Ballinvara take, kuma tana Mayo. Gunduma ɗaya, ƙafa ɗaya nan, ƙafa ɗaya can. Ana yin haka, ko ba a yi?"

Na ce ana yi. Gundumomi da dama a da sun haye iyakar lardi, don an zana su ne bisa garin da mutane ke cin kasuwa, ba bisa lardi ba.

Ta ce, "Yawwa. To ka nemo mini ka rubuta, ka sa duk haruffan nan da ke bayan sunanka."

Na ce zan duba, amma ba zan iya alkawarin abin da zan samu ba.

Ta juya ga mahaifiyata. "Bridie, haka ake koya musu a can? A ba mutum ƙwai ya ce ba zai yi alkawari ba?"

Mahaifiyata ta ce, "Tun yana yaro haka yake. Ki tambaye shi ko ana ruwa, sai ya ce ya danganta."

Kashegari Philomena ta aiko da kek, wai don murnar dawowata, alhali na kusa shekara da dawowa. Mahaifiyata ta karɓa. Ta ce ita ba ta cikin rikicin kowa, kuma a iya saninta wannan ne karo na farko da karatuna ya kawo abinci gidan.

Na fara da taswira, ban sami komai ba sai ciwon kai. Taswirar coci ta sa Drumkeela wuri guda, ta masu haraji ta sa ta wani wurin, ta uku kuwa layin ya bi ta kan sunan ƙauyen daidai, kaurinsa ya kai ya rufe gidaje biyar. Sai na koma ga alƙaluma. Na jera kajin gundumar Ballinvara shekara-shekara, na jera na Kilbrone, gundumar Mayo da ke yamma da mu. Dukansu suna hawa suna sauka a hankali, kamar yadda kaji ke yi, har zuwa shekarar da aka canza lardi. A wannan shekarar Kilbrone ta yi asarar dubban kaji, Ballinvara kuma ta sami kusan daidai wannan adadi. Haka aladu, haka gonar dankali. Gonar dankali ba ta tashi ta yi tafiya.

Tsofaffin Kilbrone suna da labarin wannan shekara. Shekarar mutuwar kaji suke ce mata, har da wanda ya rantse mini kakansa ya haƙa ramin da aka binne su. Babu kazar da ta mutu. Ɗan sandan da ke ƙirga kajin Drumkeela ne aka ce ya daina kai lissafinsa yamma, ya riƙa kai shi gabas.

Ma'anar abin a fili take. Kafin canjin, Drumkeela ba ta cikin gundumar Ballinvara. Ta shiga ne a shekarar da ta shiga Roscommon, da layi ɗaya, a hannun ma'aikaci ɗaya. Attracta tana da cikakken haƙƙin shiga gasar, babu mai iya hana ta. Amma haƙƙin ya zo mata ne daga abin da ta shafe rayuwarta tana cewa bai faru ba.

Na same ta a bayan gida tana dama wa kaji dafaffen dankali da hatsi. Na yi mata bayani a hankali, har da zanen layuka biyu a takarda. Ta saurara, ba ta daina damawa ba.

Ta ce, "Wa ya ƙirga?"

"'Yan sanda."

"'Yan sandan Ingila. Kai a ganinka akwai macen da ta taɓa gaya wa ɗan sanda gaskiyar yawan kajinta? Kakata rabi take faɗa, sauran tana kora su cikin kabeji."

Na ce haka ne, kuma na san da wannan. Amma in kowa rabi yake faɗa kowace shekara, ƙaryar ba ta canza ba, wurin da ake kai ta ne ya canza.

Ta ce, "Wato ka ɗauki ƙaryar kakata ka zo ka kayar da ni da ita."

"Ban kayar da ke ba, Misis Frain. Kin ci. Kofin naki ne. Abin da kawai za ki ce wa kwamiti shi ne gidanki yana gundumar Ballinvara."

"Wadda take ina?"

Na ninke takardata. Ta juye abincin a kasko, kaji suka rufe shi. Ta ce in tafi, kuma in ce wa Bridie ta dawo mata da kwandonta.

An yi taron kwamiti a zauren cocin Ballinvara bayan ibadar Lahadi, kuma ban taɓa ganin taron kwamitin ƙwai da mutane suka tsaya a bango ba sai ranar. Rabin Drumkeela sun zo. Shugaban kwamiti, Mista Dockery, mahauci ne mai son zaman lafiya da kowa don kowa na sayen nama. Attracta ta zauna a gaba da jakar kasuwa a kan cinya.

Aka kira ni. Na fara da cewa alƙaluman nan suna da rauni, kuma ya kamata a yi hattara da su. Wani daga baya ya ce, "Ba'amurke, abinci na kan wuta, tana ciki ko tana waje?" Na ce tana ciki. 'Yan Drumkeela suka yi tafi. Na ce tana ciki ne saboda an mayar da Drumkeela Roscommon. Tafin ya mutu a hannunsu.

Malam Fintan ya tashi. A gaskiya bai yi tsammanin haka ba. Ya zo ne da shirin a kore ta, sai ga shi an ba shi abin da ya fi kora daɗi. Ya gyara tabarau ya ce, "To ai shi ke nan, ni na janye ƙorafina. Misis Frain 'yar'uwarmu ce, 'yar Roscommon kamar kowa, tun kafin a haife ta. Sai dai ta faɗa da bakinta a rubuta, don kada wani ya sake ta da maganar."

Philomena ta ja masa gefen kwat ta ce, "Zauna, Fintan, ya isa." Bai zauna ba.

Mista Dockery ya share gumi. Ya ce, "Attracta, don Allah ki taimake ni. Kalma ɗaya ce. Ki faɗa a hankali ma, ni kaɗai in ji, sai mu tashi. Ni kaina matata 'yar Mayo ce, kuma muna zaune lafiya, galibi."

Wata tsohuwa daga cikinmu ta ce, "Faɗa musu mana, Attracta, ai baki ne kawai. Mu da muke faɗa wa masu lasin mota kullum, me ya ci mu?"

Wannan ce maganar da ta fi yi mata zafi, na ga alama. Ta waiwaya ta dubi mutanen ƙauyenmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Daga nan ta buɗe jakar, ta ciro kofin nannaɗe da tawul ɗin goge kwanuka. Ta kwance shi, ta aza a tebur gaban Mista Dockery, ta ninke tawul ɗinta ta mayar jaka.

Ta ce, "Ga kayanku. Hannunsa na hagu yana girgiɗi, sai an riƙe shi ta gindi. Kada a wanke shi da sabulu, toka da tsumma ake sa masa. Philomena, da ke nake."

Mista Dockery ya ce, "Haba Attracta, ba wanda ya ce ki dawo da shi."

"Na sani. Baƙuwa ce ni a nan, na daɗe ina cin arzikinku ban sani ba. Ku gafarce ni." Ta dubi sakatare. "Rubuta, Malam. Attracta Frain, Drumkeela, lardin Mayo. Ka iya rubuta Mayo, ko in taimaka maka?"

Ta fita. Ba wanda ya yi motsi sai da ƙarar sandarta ta ɓace.

Mako guda Drumkeela ta yi tana alfahari da ita. Aka sha giya don girmama ta a mashaya, wani ya kawo shawarar a yi mata allo a bakin hanya, aka kafa kwamiti, kwamitin bai taɓa zama ba. Ni kuma na aika wa jami'a gyaran da na samu, wanda ya tashi ƙaramin bayani a ƙasan shafi: kajin Kilbrone da na Ballinvara ba sa kwatantuwa kafin canjin iyaka da bayansa. Shugabar aikin ta rubuto ta ce aiki ya yi kyau, ta tambaya ko zan iya duba tumaki.

Attracta ba ta gaishe ni ba tsawon bazara. Ba ta kuma rage ko kaza ɗaya ba, ba ta canza musu abinci ba. Mahaifiyata ta ce tana ganinta ta taga, tana jera ƙwai goma sha biyu a kan tebur, ta cire wannan ta sa wancan, ta ɗaga ɗaya a hasken rana, sannan ta kwashe su duka ta kai kanti.

Ranar bajekoli na je Ballinvara. Mutum uku suka shiga gasar ƙwai, Philomena ta ci. Ta riƙe kofin ta gindi, ba ta yi murmushi sosai a hoto ba. Malam ne ya yi murmushin su biyu.

Da na dawo, ina wucewa ta ƙofar Attracta sai na gan ta jingine da shinge, sanye da kwat ɗinta na zuwa coci, alhali ba inda ta je.

Ta ce, "Kai Ba'amurke. Daga ƙasar waje kake?"

Na ce eh.

"Ita ce?"

"Ita ce."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta ce, "Da aka fasa, ta tsaya?"

Na ga gwaiduwar da idona. Ta tsaya, daidai gwargwado. Na ce, "Ta baje, Misis Frain. Har gefen faranti."

Ta dube ni da gefen ido. Ta ce, "Ƙarya kake, ɗan Bridie, kuma ba ka iya ba. Shigo ka sha shayi, ka sake faɗa mini daga farko."